Hanji Cikin Kwalba: Yadda Ake Renon Cima-Zaunen Kifi A Ɗakin Gwaje-Gwaje

Gabatarwa

Duk mai kiwon kifi da ya farke cikin kifinsa ya tarar da tsutsotsi sun yi dafifi a hanji, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne yadda zai hallaka su. Amma a wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike na duniya akwai masanan da suke kwana suna tashi a kan akasin haka, wato neman dabarar da za ta sa waɗannan tsutsotsi su ci gaba da rayuwa bayan an raba su da kifin. Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin renon abin da ake son a kawar? Amsar ita ce, ba a gane maganin da ke kashe tsutsa sai an sami tsutsa mai rai da lafiya da za a gwada shi a kanta.

Batun ya shafi abincin miliyoyin jama'a. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kifaye da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun kai tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100 na dukkan abin da aka samu a duniya. Wannan ne karo na farko a tarihi da kiwo ya zarce su. Wannan darasi zai yi bayanin sharuɗɗan da ake cikawa kafin cima-zaunen hanjin kifi su rayu a ɗakin gwaje-gwaje, sannan ya kawo misalai uku daga Barazil da Norwe da Bahar Rum.

Su Wane Ne Cima-Zaune?

A ilmin halittu, cima-zaune halitta ce da ke zaune a jikin wata halitta ko a cikinta, tana ci daga gare ta, tana kuma cutar da ita. Halittar da ake zaune a jikinta ita ake kira mai masauki. Kaska a jikin saniya da macijin ciki a hanjin yaro duk misalai ne da ɗalibai suka sani. Hanjin kifi ma yana da nasa baƙin. Akwai tsila, mai jiki falle-falle kamar zare mai gaɓoɓi. Akwai tsutsotsi masu jiki mulmulalle, dangin macijin ciki. Akwai tsutsa mai ƙayar kai, wadda ke kafa kanta a bangon hanji. Akwai kuma ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma.

A kogi ko tafki kifaye a warwatse suke, don haka ba kasafai cima-zaune ke yi musu mummunar ɓarna ba. A gonar kifi kuwa dubban kifaye ne a cunkushe cikin ɗan ruwa kaɗan, kashin wannan na gauraya da abincin wancan. Ƙwan tsutsa da ya fita daga hanjin kifi ɗaya ba ya yin doguwar tafiya kafin ya sami sabon masauki. Sau da yawa kifin ba ya mutuwa, sai dai ya yi ta ci ba ya girma. Mai gona ya zuba kuɗi a abinci, tsutsa ta ci riba.

Dalilan Rayar Da Su

Dalili na farko shi ne gwajin magani. Idan za a gwada magunguna goma, kowanne a ƙarfi biyar daban-daban, a jikin kifaye masu rai, za a buƙaci ɗaruruwan kifaye da tankuna masu yawa da makonni na jira, daga ƙarshe kuma a yanka kifayen a ƙirga tsutsotsin da suka rage. A ɗakin gwaje-gwaje ana iya yin wannan tankaɗe da rairaya a 'yan farantai cikin 'yan kwanaki, sai maganin da ya nuna alamar ƙarfi ne kaɗai za a kai shi ga kifi.

Dalili na biyu shi ne tausayin dabbobi. Tun a shekarar 1959 wasu masana biyu a Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku na amfani da dabbobi a bincike: a musanya dabba da wata hanya in da hali, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma sassauta musu wahala. Renon cima-zaune a kwalba na cika ƙa'ida ta farko da ta biyu.

Dalili na uku shi ne neman sani. Abin da ke cikin hanji a ɓoye yake. Sai an fito da shi fili ake ganin abin da yake ci da abin da yake fitarwa da yadda yake hayayyafa, kuma a nan ne ake gano lagonsa.

Sharuɗɗa Biyar Na Rayuwa A Wajen Kifi

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Cima-zaunen hanji bai san wani gida ba sai hanji, saboda haka aikin masani shi ne ya gina masa kwaikwayon hanji cikin kwalba ko faranti. Ruwan da ake haɗawa don wannan aiki ana iya kiransa ruwan reno, kuma dole ya cika sharuɗɗa biyar.

Na farko, gishiri. Wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa, wanda kuma ya jiƙa wake ya ga yadda yake kumbura. Ruwa yana ratsa fatar ƙwayar halitta daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da ya fi yawa. Idan aka jefa tsutsa mai laushin fata cikin ruwan da babu gishiri, ruwa zai yi ta shiga jikinta har ta kumbura ta sandare. Idan gishirin ya yi yawa, sai ta yamushe. Ruwan jikin kifin kogi yana daidai da kimanin giram 7 zuwa 9 na gishiri a lita ɗaya, don haka daga nan ake farawa. Amma gishirin miya kaɗai bai isa ba. A shekarar 1883 wani likita a birnin Landan, Sydney Ringer, ya nuna cewa zuciyar kwaɗo da aka ciro ba ta ɗorewa da bugawa sai an ƙara wa ruwan gishirin sinadarin kalsiyam, tare da ɗan fotasiyam. Har yau ruwan reno na ɗauke da waɗannan sinadarai.

Na biyu, zafi. Kifi ba ya riƙe da zafin jiki na kansa kamar ɗan Adam ko kaza. Zafin jikinsa na bin zafin ruwan da yake ciki, haka ma baƙin da ke hanjinsa. Cima-zaunen kifin ƙasashe masu zafi yana son ɗumi, na kifin tekun arewa kuwa sanyi yake so. Saboda haka ake ajiye farantan cikin akwatin daidaita zafi, mai aiki irin na injin ƙyanƙyasar ƙwai.

Na uku, abinci. Tsila da tsutsa mai ƙayar kai ba su da baki, ba su da hanji. Ta fata suke tsotsar abincin da kifi ya riga ya narkar. Ke nan dole ruwan reno ya ƙunshi abinci narkakke: sukari irin su gulukos, da amino asid waɗanda su ne tubalan gina jiki, da bitamin. Galibin ruwan renon da ake amfani da su an ƙirƙiro su ne don renon ƙwayoyin halittar mutum da na dabbobi, daga baya masu binciken kifi suka ara. Daga cikinsu akwai MEM wanda Harry Eagle ya haɗa a 1959, da L-15 na Albert Leibovitz a 1963, da RPMI 1640 wanda aka haɗa a wata cibiyar binciken ciwon daji da ke birnin Buffalo na Amurka a shekarun 1960. Tare da abinci ana lura da tsamin ruwan, domin ƙazantar da tsutsa ke fitarwa na sa shi tsami a hankali. Akan sa wani jan launi a ciki, wanda ke rikiɗa zuwa rawaya idan tsami ya yi yawa, alamar lokacin canza ruwa ya yi.

Na huɗu, iska. Cikin hanji wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin. Wasu cima-zaunen suna jure wa iskar, wasu kuwa guba ce a gare su idan ta yi yawa. Don irin waɗannan akan cika kwalba har kusa da baki, a murɗe marfi tam, a kuma zuba sinadaran da ke rage oksijin ɗin da ya narke a ruwan.

Na biyar, tsafta. Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kayar da masu bincike. Hanji cike yake da bakteriya, kuma ruwan reno daula ce a gare su. Wasu bakteriya na iya ninka yawansu cikin minti 20, don haka kwana ɗaya ya ishe su su gurɓata ruwan, su cinye abincin, su kashe tsutsar. Shi ya sa ake wanke tsutsa sau da yawa a ruwan gishiri mai tsafta, a ƙara magungunan kashe bakteriya irin su fenisilin da sitireftomaisin, a turara kayan aiki cikin tukunya mai matsi a zafin digiri 121 na tsawon minti 15. Abin da zafi ke lalatawa kuwa, kamar bitamin, sai a tace shi da matata mai ƙananan ƙofofin da bakteriya ba ta iya ratsawa.

Misali Na Farko: Tsutsar Tambaki A Barazil

Tambaki wani babban kifi ne na Kogin Amazon, sunansa na kimiyya Colossoma macropomum, kuma shi ne kifin asalin Barazil da aka fi kiwatawa a ƙasar. Babbar matsalar masu kiwonsa a arewacin Barazil ita ce wata tsutsa mai ƙayar kai mai suna Neoechinorhynchus buttnerae, wadda aka fara bayyanawa a 1956. Tsawonta bai wuce 'yan santimita ba, amma akan sami ɗaruruwa a hanjin kifi guda, suna raunata bangon hanjin, suna toshe hanya, suna hana kifin girma.

Rayuwarta zango biyu ce. Ƙwai na fita da kashin kifi zuwa cikin ruwa. Wani ɗan ƙwaron ruwa dangin jatan lande, mai ɓawo biyu, wanda ake kira Cypridopsis vidua, shi ke haɗiye ƙwan. Jaririyar tsutsa ta ƙyanƙyashe a cikinsa ta yi girma, har ranar da tambaki zai haɗiye ƙwaron, sai ta kafa kai a hanjinsa.

A wani bincike da aka wallafa a 2018, masana a Barazil sun ciro waɗannan tsutsotsi daga kifayen da suka kamu, suka rarraba su a farantai masu gurabe shida. Wasu an sa su a ruwan gishiri, wasu a tsaftataccen ruwan tanki, wasu a L-15, wasu a RPMI 1640. A wasu guraben kuma an haɗa ruwan renon da aga, wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda ke kafewa kamar kamu idan ya huce. Aka ajiye farantan a zafin digiri 24 da 28 da 32. Tsutsotsin da suka fi daɗewa su ne waɗanda ke cikin RPMI 1640 mai aga a zafin digiri 24, domin sun kai kwana 24 da rai.

Akwai darussa biyu a nan. Na ɗaya, zafin da ya fi ƙanƙanta a cikin ukun ne ya fi tsawaita rayuwa. A ƙa'idar ilmin halittu, raguwar zafi na sassauta ayyukan jiki, abinci ya daɗe bai ƙare ba, ƙazanta kuma ta taru a hankali. Na biyu, shimfiɗa ma na da muhimmanci. Tsutsar da ta saba da jingina da bangon hanji mai laushi ta fi samun kwatankwacinsa a kan aga fiye da a kan ƙasan faranti mai tauri.

Wani tsohon bincike ya riga ya nuna muhimmancin zafi da taɓi. A 1946 wani masani ɗan ƙasar Ailan, J. D. Smyth, ya ciro jaririyar wata tsila mai suna Schistocephalus solidus daga cikin wani ƙaramin kifi. A dabi'arta wannan tsila ba ta balaga sai tsuntsu ya cinye kifin. Da Smyth ya ɗumama ruwan renon zuwa digiri 40, wato zafin jikin tsuntsu, sai ta balaga ta fara ƙwai cikin 'yan kwanaki. Amma ƙwan bai riƙa ƙyanƙyashewa sosai ba sai bayan da ya gano, a 1954, cewa dole a sa tsilar cikin wani siririn bututu mai laushi da zai matse ta kamar yadda bangon hanji ke yi, sannan barbara ke yiwuwa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin da ke tsakanin rayarwa da kiwo. Tsutsar tambaki ta rayu a faranti, amma ba ta haifi sabon zuriya a can ba, domin zuriyarta na buƙatar ɗan ƙwaron ruwa. Duk lokacin da za a yi sabon gwaji, sai an koma ga kifi an ɗebo wasu.

Misali Na Biyu: Spironucleus A Norwe

Kiwo na haƙiƙa, inda halitta ke hayayyafa a kwalba shekara da shekaru, ya fi yiwuwa ga masu ƙwayar halitta ɗaya. Misali mai kyau shi ne dangin Spironucleus. Wannan halitta tsawonta kusan kashi ɗaya cikin 100 na milimita ne. Tana da cibiya biyu da 'yan bulalu takwas da take kaɗawa tana iyo. 'Yar uwa ce ga Giardia mai sa mutane gudawa. Yawancin irinta a hanjin kifi suke zama, amma akwai wadda ke ƙetare hanji ta shiga jini, ta haddasa maruru a tsoka da hanta da zuciya. Tsakanin 1989 da 1991 ta yi ɓarna a gonakin kifin salmon na arewacin Norwe. A 2006 aka tabbatar da cewa iri ce mai zaman kanta, aka raɗa mata suna Spironucleus salmonicida, wato makashiyar salmon. Ta sake ɓulla a yankin Finnmark na ƙasar a 2022.

Ruwan renonta daga likitancin ɗan Adam ya samo asali. A 1961 Louis Diamond, wani masani a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ya yi nasarar kiwon ƙwayar cutar atini ita kaɗai, babu wata bakteriya tare da ita. A 1978 shi da abokan aikinsa suka fitar da ingantaccen ruwan reno mai suna TYI-S-33. Cikinsa akwai narkakken furotin na madara, da ruwan yis, da sinadarin ƙarfe, da tsararren ruwan jinin shanu, da gulukos, da bitamin C, da wani amino asid mai suna sistin wanda ke kare halittar daga illar oksijin. A 1983 David Keister ya ƙara ruwan maɗaciya a ciki don renon Giardia. Irin wannan haɗi ne, da 'yan gyare-gyare, ake renon Spironucleus da shi. Bambancin shi ne zafi: ƙwayoyin cutar mutum na son digiri 37, ta salmon kuwa wajen digiri 15 ake ajiye ta.

A cikin kwalba halittar na rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Bayan rabuwa goma, ƙwaya ɗaya ta zama 1,024. Amma kwalba na da iyaka. Abinci zai ƙare, ƙazanta ta taru, su fara mutuwa. Saboda haka bayan 'yan kwanaki akan ɗebi ɗan ɗigo daga tsohuwar kwalba a zuba a sabuwa, kamar yadda mai nono ke ajiye ɗan tsohon kindirmo don ta kafa sabo. Don gudun asarar iri gaba ɗaya, akan haɗa wani kaso da sinadarin da ke hana ƙanƙara farfasa ƙwayar halitta, a sanyaya shi sannu a hankali, a adana cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A haka zai yi shekaru, kuma in an narkar da shi ya farfaɗo. Ma'ajiyar ƙananan halittu ta ATCC da ke Amurka na riƙe da irin wannan ajiya, tana aika wa masu bincike.

Wannan kiwo ya haifar da ɗa mai ido. Saboda ana iya tara miliyoyin ƙwayoyin ba gauraye, masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun karanta kundin gadon Spironucleus salmonicida, suka wallafa shi a 2014, inda aka sami ƙwayoyin gado kimanin 8,000. A fannin magani kuma, metironidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl, yana kashe wannan dangi, amma Tarayyar Turai ta haramta amfani da shi a dabbobin da ake ci tun 1998. Neman madadinsa ya sa masana a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya suka gwada sinadaran tafarnuwa a kan Spironucleus vortens, wata iri da ke hanjin kifayen ado, suka wallafa a 2011 cewa suna daƙile hayayyafarta a kwalba.

Misali Na Uku: Wadda Ta Ƙi Kwalba

Ba kowane cima-zaune ke yarda da kwaikwayo ba. A gonakin kifi na Bahar Rum akwai wata halitta mai suna Enteromyxum leei, wadda aka fara bayyanawa a 1994. Tana kutsawa tsakanin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon hanji, ta hana kifi amfana da abinci, har ya rame bayansa ya yi kaifi kamar wuƙa. Da yake rayuwarta a manne take da rayayyen bangon hanji, ba ta jimawa a ruwan reno. A 1997 Ariel Diamant ya nuna cewa tana iya tsallakawa kai tsaye daga kifi zuwa kifi. Da wannan sani ne masu bincike a cibiyar kiwon kifi ta Torre de la Sal da ke Sifen suke riƙe da irinta a jikin kifaye masu rai, ta hanyar kwararo ruwan tankin masu cutar zuwa tankin masu lafiya, ko kuma ɗura musu abin da aka kankaro daga hanjin masu cutar. Hanya ce mai tsada da jinkiri, kuma tana cin rayukan kifaye, abin da ke ƙara nuna darajar ruwan reno a inda aka same shi.

Yadda Ake Gwada Magani

Idan reno ya kankama, sai a raba tsutsotsi gida-gida, adadi ɗaya a kowane gurbi. A zuba magani a ƙarfi daban-daban, a bar wasu guraben babu magani ko kaɗan. Waɗannan su ne ma'auni. Idan tsutsotsin ma'auni suka mutu tare da waɗanda aka ba magani, gwajin ya rushe, domin ba a san ko magani ne ya kashe su ko rashin kyawun ruwan reno ba. A nan ne asirin darasin yake: ƙarfin hukuncin da za a yanke wa magani ya dogara ne a kan lafiyar tsutsar da ba a ba magani ba. Ana duba farantan lokaci-lokaci, a rubuta wadda ke motsi da kanta, da wadda sai an taɓa ta, da wadda ta daina motsi ɗungurungum. Masu ƙwaya ɗaya kuwa ƙirga su ake yi a kan wani gilashi mai zane kamar gidan dara.

Duk da haka, nasara a faranti ba ta nufin nasara a gona. Maganin da aka cuɗa da abinci sai kifi ya ci shi, alhali kifi marar lafiya ba ya cin kirki. Wani maganin jikin kifi ke tsotsewa kafin ya isa inda tsutsar take, wani kuma ƙarfin da ke kashe tsutsa yana kashe kifin ma. Sannan sai an tabbatar bai bar saura a naman da mutane za su ci ba. Faranti matakin farko ne, tanki na biyu, gona na uku.

Aikin Gwaji Don Makarantu

Tarwaɗa, wadda ita ce kifin da aka fi kiwatawa a Nijeriya, ita ma tana da nata baƙin. Daga cikin waɗanda aka sani akwai tsila mai suna Polyonchobothrium clarias da mulmulalliyar tsutsa Procamallanus laeviconchus, kuma dukkansu ta ƙananan ƙwarin ruwa suke shiga kifi. Malami na iya nuna sharaɗin gishiri da na zafi ba tare da kayan tsada ba.

A samo ɗanyar tarwaɗa sabuwar kamu, musamman ta kogi ko ta tafki, domin ta fi ta tankin siminti yawan tsutsa. A tafasa ruwa a bari ya huce. A haɗa ruwa iri uku: wanda babu gishiri, da mai giram 7 a lita, da mai giram 35 a lita, wato kwatankwacin ruwan teku. A tsaga tumbi da hanji a tsaye cikin ruwa mai giram 7, a tsinto tsutsotsin a hankali, a rarraba su daidai a ƙananan kwanoni masu marfi. Kowane irin ruwa a yi masa kwano biyu, ɗaya a bar shi a kan tebur, ɗaya a jingina shi da randa inda ya fi sanyi. Ɗalibai su riƙa dubawa kowace awa, suna rubuta motsi da kumburi ko yamushewa a jadawali. Su lura ko tsila mai laushin fata da mulmulalliyar tsutsa mai taurin fata sun nuna hali ɗaya. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu, a binne abin da ya rage.

Kammalawa

Renon cima-zaunen hanjin kifi ya rataya ne a kan kwaikwayon hanji ta fuskar gishiri da zafi da abinci da iska da tsafta. Misalan da suka gabata sun nuna matakai uku: tsutsar tambaki da ake rayarwa na 'yan makonni, da Spironucleus da ake kiwatawa ba yankewa, da Enteromyxum leei da ake riƙewa a jikin kifi. Kowane sharaɗi da aka gano cima-zaune ba ya rayuwa sai da shi, ƙofa ce da za a iya bi a yaƙe shi. Ga mai gona kuwa, sanin cewa tsutsa na bi ta ƙwarin ruwa ya isa ya sa ya riƙa busar da tafkinsa tsakanin kiwo da kiwo, ya kuma kula da inda yake sayen 'ya'yan kifi, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar cima-zaune da mai masauki, tare da misali ɗaya daga kifi.
2. Me zai sami tsila idan aka sa ta a ruwan da babu gishiri? Kawo dalili.
3. Mene ne bambancin rayarwa da kiwo a ɗakin gwaje-gwaje?
4. Me ya sa ake cika kwalbar Spironucleus har kusa da baki?
5. Idan ƙwaya 50 suka rabu biyu-biyu har sau shida, nawa za su zama?
6. Mene ne amfanin guraben da ba a zuba wa magani ba a lokacin gwaji?